Guguwar rana: abin da finafinai ke nunawa da rabon da ke faɗo mana a Nijar

Duk lokacin da aka ce rana ta yi wata babbar fashewa, sai saƙonni su cika WhatsApp a Yamai: a kashe waya da dare, a kwance pano, duniya za ta yi kwana uku cikin duhu. Yawancin hotunan da ke rakiyar saƙon daga finafinan ƙagaggen kimiyya aka yanko su. Guguwar rana gaskiya ce. Ta taɓa kashe wutar lardi guda, ta kuma kakkaɓo taurarin ɗan'adam daga sama. Sai dai hanyar ɓarnarta daban take da wadda ake nunawa, kuma ƙasa irin tamu da ke kusa da tsakiyar duniya tana da nata rabo, wanda bai yi kama da na Kanada ba.

Wai mene ne guguwar rana?

Abu uku ne ake haɗa wa suna ɗaya, kuma wanda bai rarrabe su ba kullum zai ruɗe.

Na farko walƙiyar rana. Haske ne mai ƙarfi, har da irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, haske na cinye su cikin minti 8 da ɗan kai. Saboda haka walƙiya ba ta sallama: ganinta da isowarta lokaci ɗaya ne. Ana jera ƙarfinta da haruffa A, B, C, M, X, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau 10.

Na biyu harbin ƙwayoyi. Fashewar kan cillo ƙananan ƙwayoyi, galibi furoton, da gudu mai tsanani. Suna isowa cikin wasu mintoci ko 'yan sa'o'i. Su ne abin tsoron 'yan sama jannati.

Na uku shi ne babban, muna iya kiransa aman rana. Rana kan tofo wani gajimare na iskar gas mai ɗauke da lantarki da maganaɗisu, nauyinsa ya kai tan biliyoyi. Gudunsa daga kilomita 250 zuwa kusan 3000 a daƙiƙa guda. Mai nawa yakan yi kwana 3 ko 4 a hanya, mai gaggawa ya iso cikin ƙasa da kwana guda. Idan ya daki garkuwar maganaɗisun duniya ya girgiza ta, shi ne ake cewa an yi guguwar maganaɗisu.

Me ke haddasa ta?

Rana ba dunƙulen dutse ba ce, don haka ba ta juyawa gaba ɗaya. Tsakiyarta na kammala zagaye cikin kwana 25, ƙuryoyinta sai sun kai wajen kwana 35. Wannan bambanci ke murɗa layukan maganaɗisun da ke cikinta, kamar yadda ake murɗa igiyar guga har ta ƙudundune. Inda ƙullin ya ɓullo waje sai a ga baƙin tabo. Tabon ba rami ba ne, wuri ne da ya ɗan fi kewayensa sanyi: fuskar rana na wajen digiri 5500, tabo kuwa kimanin 3500 zuwa 4000. Ranar da ƙullin ya tsinke ya sake haɗewa, ƙarfin da ya tara shi ke fita a matsayin walƙiya da amai.

Tabban na yawaita su ragu cikin zagaye na kimanin shekara 11. Wani Bajamushe, Heinrich Schwabe, ya gano haka a 1843 bayan shekaru yana ƙirga su. Zagayen da ake ciki, na 25, ya soma a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya shiga ƙololuwarsa.

A fim ana nuna wuta ta sauko ta ƙone gari. Hakan na iya faruwa?

A'a. Ko walƙiyoyin da suka fi kowanne girma cikin waɗanda aka auna ba su ƙara wa hasken rana kashi 1 cikin 1000 ba. Mutumin da ke tsaye a kasuwar Katako da tsakar rana ba zai ji komai a fatarsa ba. Hasken mai cutarwa kuma iskar sama ke shanye shi tun yana nisan kilomita 60 zuwa sama. Nauyin iskar da ke bisa kanmu daidai yake da ruwa mai zurfin mita 10, kuma rufi ne da ƙwayoyin rana ba sa ketawa da yawan da zai cutar da mai tafiya a ƙasa.

Inda masu fim suka yi gaskiya shi ne a sararin samaniya. A Agusta 1972 an yi harbin ƙwayoyi mai tsanani, tsakanin tafiyar Apollo 16 ta watan Afrilu da ta Apollo 17 ta watan Disamba. Da a ce akwai mutum a kan wata a ranar, da ya sha raɗaɗin da zai iya kwantar da shi. Jiragen sama masu ratsa ƙuryar arewa su ma kan sauya hanya a irin wannan lokaci, kamar yadda aka yi a 2003.

To ta yaya abin da ba ya ƙona mutum ke kashe wutar lantarki?

Nan ne maganar take da daɗi, domin dokar da ke aiki a nan ita ce dai wadda janareta ke aiki da ita: idan maganaɗisu ya motsa kusa da waya, lantarki na gudana a cikinta. A lokacin guguwa, maganaɗisun duniya kansa ne ke rawa. Rawar tana haifar da ɗan bambancin ƙarfin lantarki a cikin ƙasa, a babbar guguwa ya kai 'yan bolt a kowane kilomita. A wayar cikin gida mai tsawon mita 30 wannan ba komai ba ne. A babban layi mai kilomita ɗaruruwa kuwa sai ya taru ya zama abu.

Manyan taransfoma ana ɗaure tsakiyarsu da ƙasa don kariya. Ta wannan ƙofa baƙon lantarkin ke shiga, ya bi layi, ya fita ta taransfomar da ke ɗaya gefen. Matsalar ita ce taransfoma an gina ta don lantarki mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa baƙon kusan gefe ɗaya yake tafiya. Sai ƙarfen cikinta ya ƙoshi da maganaɗisu a rabin kowane zagaye. Daga nan abu uku ke biyo baya: maganaɗisu ya tsiyayo waje ya zafafa tanki da naɗin waya, taransfoma ta shiga zuƙar ƙarfi daga layi har wuta ta yi rauni, siffar lantarkin kuma ta gurɓace har na'urorin kariya su ɗauka haɗari ne su yanke layi.

Haka ta faru a lardin Kebek na Kanada ranar 13 ga Maris 1989. Cikin daƙiƙa 90 layukan suka zube ɗaya bayan ɗaya, mutane miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta a lokacin sanyi. Kebek ta haɗa abu uku da guguwa ke so: kusanci da ƙuryar arewa, dogayen layuka daga madatsun ruwa, da ƙasa mai tsohon dutse wadda lantarki ba ya ratsa ta da sauƙi, sai ya gwammace bin waya.

Layukanmu na Nijar fa?

Haɗarinmu bai kai na ƙasashen arewa ba, amma kada a ce babu shi. A guguwar ƙarshen Oktoba 2003, wadda ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Suwidin, manyan taransfomomi sun lalace a Afirka ta Kudu. Ba fashewa suka yi nan take ba. Zafi ne ya cinye rufin wayoyinsu, suka riƙa mutuwa a watannin da suka biyo. Wannan darasi ya fi na Kebek kusa da mu, domin ɓarna irin wannan ana iya ɗora ta kan tsufan kaya ba tare da an san asalinta ba.

Abin da ya cancanci a sa wa ido a nan shi ne dogayen layuka masu kilobolt 132, kamar wanda ya taso daga Birnin Kabi zuwa Yamai da wanda ya shigo daga Katsina ya nufi Maraɗi da Damagaram. Awon ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin taransfoma: a sa na'urar auna lantarki mai tafiya gefe ɗaya a wayar da ke ɗaure ta da ƙasa, a riƙa gwada iskar gas da ta narke cikin manta bayan kowace babbar guguwa, a kuma rage mata lodi ranar da aka yi gargaɗi. A ganinmu ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke ɗauke da sunan mutumin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, su ya kamata su riƙe wannan aiki.

Bututun mai ma doguwar waya ce a idon guguwa. Wanda ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2000. Guguwa ba ta fasa bututu, amma takan rikita ɗan lantarkin da ake ba shi don hana tsatsa, awon ranar ya fito ba daidai ba.

Ɗaukewar wutar da aka saba gani a Afrilu da Mayu kuwa, buƙata ce ke fin abin da ake samarwa, ga zafi na wahalar da injina. Ba ruwan guguwar rana.

In cire panona da batir idan an yi gargaɗi? Waya kuma a kashe ta?

Ku bar su. Wayoyin pano ba su wuce 'yan mitoci ba, babu inda baƙon lantarki zai taru. Wayar hannu, kwamfuta, babur, mota, famfon rijiya mai aiki da rana, duk haka. Gidan da ke kan pano ma shi ne zai kwana da haske idan babban layi ya faɗi. Abokan gaban pano a Tawa ko Yamai su ne ƙurar hunturu da zafi: kowane digiri ɗaya da fuskarsa ta haura 25 yana rage masa kimanin kashi 0.4 cikin 100, tsawar damina kuma ita ke ƙona na'urar caji idan ba a yi wa kayan hanyar ƙasa ba. Kayan da ke jone da wutar gari, a cire su idan wuta ta soma rawa, a mayar bayan ta zauna. Wannan shawara ce ta kullum.

Me ya sa rediyo kan yi shiru da rana tsaka ba gaira ba dalili?

Idan gajeren zango kuke saurare, wataƙila kun taɓa jin walƙiyar rana da kunnenku ba ku sani ba. Tashoshi masu nisa suna iso mu ne ta hanyar tunkuɗo muryarsu daga wani rufin iska mai lantarki da ke can sama, wanda ake kira ayonosfiya. Walƙiya na kaurara ƙasan wannan rufi, tsakanin kilomita 60 da 90, sai ya shanye muryar maimakon ya bar ta ta wuce. Tasha ta ɓace cikin minti ɗaya ko biyu, ta dawo sannu a hankali bayan mintoci ko awa guda. Tashoshin da ke kan ƙananan megahaz ke fara mutuwa, su ke ƙarshen dawowa, saboda haka a gwada matsawa sama, daga megahaz 9 zuwa 15 ko 17.

Wannan na faruwa ne kawai a gefen duniya da rana ke haskawa, kuma ya fi tsanani inda take tsaye bisa kai. Ke nan mu ne a sahun gaba. Ya shafi jiragen da ke ratsa Sahara suna magana da masu kula da zirga-zirga na ASECNA ta gajeren zango, da duk wanda ke aiki da irin wannan rediyo a daji. Tun Nuwamba 2019 hukumar jiragen sama ta duniya ta soma aika wa matuƙa gargaɗin yanayin samaniya. Tashoshin FM ba su bi ta sama, ba abin da ke samunsu.

An ce GPS ya fi ruɗewa a yankinmu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne ainihin rabonmu. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya bai bi layin tsakiyar taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, yana wucewa ba nesa da kudancin Nijar ba. A wannan ɗamara ayonosfiya ta fi kauri da rashin natsuwa.

Taurarin GPS suna nisan kilomita 20,200. Na'urarku na lissafin inda take ne daga lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso. Ayonosfiya na jinkirta saƙon, jinkirin kuma ya koma kuskuren mitoci. Na'ura mai zango ɗaya ƙiyasi kawai take yi ta cire. A ranar guguwa ƙiyasin ya kauce, kuskure ya iya kai mita gomomi.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan magariba ko babu guguwa. Da rana ta faɗi, ƙasan rufin kan yi wasu manyan kumfa da ke tashi sama. Saƙon da ya ratsa su sai ya riƙa ƙyaftawa kamar tauraro, har na'ura ta saki tauraron gaba ɗaya. Abin ya fi yawa daga bayan magariba zuwa tsakar dare, a watannin Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, ya kuma tsananta a shekarun da tabban rana suka yi yawa.

Mai neman hanya a cikin gari ba zai damu ba. Masu awon filaye da masu kafa iyakar gona ko hanya su ne abin ya shafa. Shawararmu gare su: a yi awo mai muhimmanci da safe, a yi amfani da na'ura mai zango 2 domin ita tana auna jinkirin da kanta, a buɗe ta ga GPS da takwarorinsa Galileo da GLONASS da BeiDou gaba ɗaya, a soma a kuma rufe aiki kan wata alama da aka riga aka san matsayinta, a rubuta ranar da lokacin awo. Idan an sanar da guguwa mai daraja G3 ko fiye (ana auna ƙarfin guguwar maganaɗisu daga G1 zuwa G5), a ɗage kafa turaka zuwa gobe. Manoman Amurka sun ga haka a 10 ga Mayu 2024, lokacin da taraktocinsu masu bin GPS suka karkace daga kunya ana tsakiyar shuka.

Hoton talabijin ɗina na parabol kan ɗauke na 'yan mintoci a wasu ranaku. Guguwa ce?

Idan kusan lokaci ɗaya yake faruwa kwanaki a jere, wajen tsakiyar Maris ko ƙarshen Satumba, ba guguwa ba ce. Rana ce ke wucewa daidai bayan tauraron da farantin ke kallo, hayaniyarta ta danne saƙon. Kada a taɓa saitin faranti, zai dawo da kansa.

Zafin bazara da ke ƙaruwa fa?

Daga shekarar da rana ta fi natsuwa zuwa wadda ta fi tashin hankali, haskenta na sauyawa da kimanin kashi 1 cikin 1000 kawai. Zafin Yamai na Afrilu daga tsayuwar rana bisa kai ne a ƙarshen watan, ga busasshiyar ƙasa, ga ɗumamar yanayi da hayaƙin masana'antu ya jawo.

Taurarin ɗan'adam na faɗowa da gaske?

Na ƙasa-ƙasa suna faɗowa. Guguwa na zafafa iskar can sama ta kumbura, tauraron da ke tafiya cikin kusan fanko sai ya ji ana riƙe shi. Ranar 3 ga Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, ya ajiye su a wajen kilomita 210 kafin su hau. Wata ƙaramar guguwa ta same su a can, 38 suka dawo suka ƙone a iska. Na nesa kuma ƙwayoyi ne ke damunsu: su tara caji a jikinsu har ya yi tartsatsi, ko su juya lissafi a ƙwaƙwalwar kwamfutarsu.

Ana iya sanin zuwanta tun da wuri?

Rabi da rabi. Kumbon SOHO, wanda aka harba a 1995, yana rufe fuskar rana da wani faifai don ya ga aman yana fita, daga nan a ƙiyasta ranar isowarsa, da kuskuren sa'o'i da dama. Abin da ba a sani sai ya ƙaraso shi ne inda maganaɗisun cikinsa ya fuskanta. Idan arewa ya kalla, kamar na duniya, yawancinsa zamewa yake ya wuce. Idan kudu ya kalla, sai ya sarƙe da namu ya zuba ƙarfinsa ciki. Kumbunan da ke tsaye a kilomita miliyan 1.5 daga nan, irin su ACE, su ke auna wannan, kuma gargaɗinsu bai wuce minti 15 zuwa awa guda ba.

Shafin hasashen yanayin samaniya na NOAA kyauta ne. Harafi uku za ku duba, kowanne daga 1 zuwa 5: R na rediyo, S na ƙwayoyi, G na maganaɗisu. Walƙiya mai daraja X1 ita ce R3. G1 zuwa G2 abu ne na yau da kullum a shekarun nan. G5 aka gani a Mayu 2024, karo na farko tun 2003. Lokutan shafin na agogon duniya ne, a ƙara awa 1 a samu na Nijar. Saƙon da bai faɗi harafi da lamba ba, kada a tura shi gaba.

Wace ce mafi muni da aka sani, kuma intanet zai tsira?

Ta 1 ga Satumba 1859. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Carrington, yana zana tabban rana ya ga farin haske ya tashi a cikinsu. Bayan kimanin awa 17 da rabi aman ya iso. Wayoyin tangaraho suka yi tartsatsi, wasu ma'aikata suka ji girgizar lantarki, tsakanin Boston da Portland kuma aka cire batir aka ci gaba da aika saƙo da lantarkin guguwar kaɗai. A 23 ga Yuli 2012 wani amai mai kama da shi ya fita, ya daki kumbon STEREO-A, duniya ba ta kan hanyarsa. Zoben itatuwa kuma sun ajiye shaidar wani harbin ƙwayoyi a shekarar 774 zuwa 775 wanda ya fi duk abin da na'ura ta taɓa aunawa. Wata masaniya 'yar Japan, Fusa Miyake, ta gano shi a 2012.

Da irin ta 1859 za ta dawo, babbar damuwa ita ce manyan taransfomomi, domin ba a ajiye su a kanti, ƙera sabuwa na cin shekara ko fiye. Zaren gilashin intanet shi kansa haske yake ɗauka, maganaɗisu ba ya taɓa shi. Raunin yana ga wayoyin ƙarƙashin teku, inda ake ciyar da na'urorin ƙara ƙarfi ta doguwar wayar ƙarfe, da kuma eriyoyin rezo da ke mutuwa idan wuta da gazuwal suka yanke. Tanadin gida bai wuce na doguwar ɗaukewar wuta ba: ruwa, fitila, rediyo mai batir, da ɗan kuɗi a hannu saboda ranar da tura kuɗi ta waya ya tsaya.

Za a taɓa ganin jan hasken nan na sama a Tawa?

Da wuya ƙwarai. A 1859 ya sauko har Kuba, a Mayu 2024 an gan shi a Meziko da tsibiran Kanari. Mu muna daf da tsakiyar maganaɗisu, wurin da ya fi ko'ina nisa da shi. Jan da ake gani a sama da hunturu ƙura ce.

Zan iya ganin tabban rana da kaina?

Za ku iya, amma ba da kallonta kai tsaye ba. Lokacin hunturu ƙura kan dusashe rana har ta zama kamar faifai, mutum ya ji zai iya zuba mata ido. Kada a yi. Bayan ido ba ya jin zafi, sai an gama ƙonewa ake sani. Baƙin tabarau, gilashin da aka shafa wa hayaƙi da tsohon hoton asibiti duk ba sa karewa. Abin da ke karewa shi ne tabaran husufi mai lambar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14.

Hanyar da ta fi nuna tabo ita ce a jefa hoton rana kan takarda. A ɗaure madubin hangen nesa mai ido biyu a kan wani abu tsayayye, a rufe ido ɗaya na gaba. A huda kwali a zura shi a jikinsa don ya yi inuwa. A juya shi wajen rana ana kallon inuwarsa, ba ta cikinsa ba, har inuwar ta zama mafi ƙanƙanta. A riƙe farar takarda kamar santimita 30 zuwa 50 a bayansa, a murɗa saiti har gefen da'irar ya fito tsaf. Ɗigon da ya tsaya wuri ɗaya a cikin da'irar idan an ɗan girgiza madubin, tabo ne, wanda ya bi madubin kuwa datti ne. A riƙa rufe gaban bayan kowane minti ɗaya don kada zafi ya narke abin da ke ciki, babba kuma ya tsaya a wurin muddin akwai yara. Idan aka zana tabon a takarda kullum a lokaci ɗaya, za a ga yana matsawa, ya ratsa fuskar rana daga gefe zuwa gefe cikin kimanin kwana 13.